Sau Ɗaya a Gangare

Motar ta tsaya a cunkoso, ba gaba ba baya, zafi kuwa kamar an kifa wa mutane tukunya. Wani mai kwat da ke kujerar gaba ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya ce da duk mai son ji, "Wannan zafin fa mu muka jawo wa kanmu. Hayaƙin motocin nan ne. Duniya ce take ɗumama."

"Ɗumama?" in ji wata mai kwandon tumatir a cinya. "Malam, abin da ya huce ake ɗumamawa. Mu dafa mu ake yi."

Aka kwashe da dariya. Wani dattijo mai riƙe da ƙaramar rediyo ya ce shi tun yana yaro ake zafi, mutanen yanzu ne fanka ta lalata musu jiki. Mai kwat ya ce nan da shekara goma duk motoci masu lantarki za su koma, shi ya karanta. Mai tumatir ta ce wutar da ta kasa caja mata waya tun shekaranjiya, ita ce za ta ja mutum goma sha takwas ta hau tudu da su?

Matar da ke kujerar ƙarshe ba ta yi dariya ba. Jakarta na kan cinya ta danne da hannu biyu, a ciki akwai takarda ɗaya mai ninki huɗu. Mijinta direba ne, Kwandasta yake ce mata. Ba ta taɓa aikin mota ba, ko sitiyari ba ta taɓa riƙewa ba, amma duk ranar da ya ɗauko ta sai ta zauna kusa da shi tana ba da umarni: ga rami, ga akuya, wancan mai babur ɗin ba shi da hankali. Shi kuma ya yi murmushi ya ce, "To, Kwandasta ta yi magana." Sunan ya bi ta har maƙwabta suka ɗauka. Wata biyar ke nan da bakin da ya raɗa mata shi ya rufe.

Hanya ta buɗe, motar ta kama hawan dogon tudun da ya raba unguwanni da tsakiyar gari. A ɗaya hannun, inda masu dawowa suke gangarowa su sha kwana, ƙarfen kariya yana nan a lanƙwashe yadda aka bar shi. Ta kawar da kai. Sauran fasinjoji kuwa duk suka juya.

"Ga wajen nan," in ji mai tumatir. "Mutum huɗu har da direban. An ce waya yake dannawa."

"Ƙwaya ce," in ji dattijo. "Duk direbobin nan sai sun haɗiyi abu kafin su fito."

"Baba, ban da ni," direban motar ya ce ta madubi.

"Shi ya sa nake jiran motar da take tuƙa kanta," in ji mai kwat. "Na'ura ba ta barci, ba ta shan ƙwaya, ba ta faɗa da matarta da safe."

Kwandasta ta ƙara danne jakarta. Wa za ta fara gaya wa? Mutumin da suke yankawa a baki mijinta ne, wayarsa ma ba ta ɗaukar hoto, kuma in ya zauna a kujerar tuƙi a aljihun baya take kwana. Abin da yake sha bai wuce ruwan shayi a filas ba. Abokan aikinsa Hawainiya suke ce masa, don in ka shiga motarsa kana sauri, to ka yi haƙuri. Shekara ashirin da shida yana jan motar kamfani, ko kaza bai taka ba.

Takardar da ke jakarta kuwa wani abu dabam ta ce. 'Yarta ce ta karanta mata, don ita karatunta aji uku ne, sai ta bi harafi da yatsa. An rubuta: Dalilin hatsari, gangancin direba. Kamfani yana so iyali su sa hannu a rufe maganar, a ba su kayansa. 'Yar tana aiki a kantin magani, kuma makon jiya wata mata ta shigo, ta dube ta, ta ajiye maganin da ta ɗauka ta ce ba za ta karɓi komai daga hannun 'yar wanda ya kashe mata ƙane ba. Da ta dawo gida ba ta ci abinci ba. Yau da safe ta riƙe wa uwarta hannu a bakin ƙofa ta ce, "Inna, don Allah kada ki sa hannu sai sun goge kalmar nan. Baba ba mai ganganci ba ne."

Abin da ya fito da ita ke nan: kalma ɗaya.

A bakin ofishin kamfanin wani ƙaton janareta yana ruri yana aman baƙin hayaƙi. Daidai samansa an manna hoton koren ganye da rubutu manya, wanda ko ita ta iya karantawa: Mu Rage Hayaƙi. Ciki kuwa sanyi har sai da ta ja mayafinta. Jami'in da ke riƙe da fayil ɗin matashi ne mai ladabi. Ya miƙe ya gaishe ta, ya yi mata ta'aziyya, ya sa aka kawo ruwa.

Ta warware takardar ta shimfiɗa a teburinsa, ta ɗora yatsa a kan kalmar. "Wannan na zo ku cire."

"Mama, ba ni na ce ba."

"Wa ya ce? Kana wajen?"

"Na'ura ce ta ce."

Ta san na'urar. Bara aka kawo ta, lokacin da aka fito da sabuwar dokar tsimin mai. Wani ɗan baƙin akwati ne da aka ɗaure ƙarƙashin sitiyarin kowace mota, yana gaya wa ofis inda direba ya tsaya da abin da ya ƙona. Direbobi Munafuki suke ce masa. Tun zuwansa aka koma auna wa kowace mota man da za ta sha a rana, aka kafa allo a filin ajiye motoci, duk wanda ya wuce awonsa a rubuta sunansa da jan alli. Sunan Hawainiya bai taɓa sauka daga sama ba. Yakan dawo gida ya ce, "Yau ma ni ne na ɗaya a ajinmu."

Jami'in ya juyo mata da fuskar kwamfuta. Wani koren layi ne yake tafiya yana rawa, sai ya yanke. "Kin ga nan? Nan inji ya mutu, daƙiƙa goma sha ɗaya kafin karon. Ba lalacewa ya yi ba, da makulli aka kashe shi. Abin da direbobi suke yi ke nan a gangare, su cire giya su saka ta a firi, su kashe inji, mota ta gangara da nauyinta don kada ta sha mai. Dokar kamfani ta hana. Wanda ya yi, ganganci ake rubutawa."

"Bai taɓa yi ba." Muryarta ta ɗaga har wata mai buga takardu ta waigo. "Ka tambayi kowa a wajen nan. Bai taɓa yi ba."

"Gaskiyarki, Mama. Bai taɓa ba." Ya ja layin baya, kwana bayan kwana, koren bai yanke ba. "Sau huɗu yake sauka gangaren nan kullum, shekara guda cur, babu ko ɗaya. Ni kaina na duba, don na yi mamaki. Sai ranar."

"Sauran direbobin fa? Nasu layin ba ya yankewa?"

Ya yi gyaran murya, ya gyara zaman biro a teburin. "Sauran ba su yi hatsari ba."

Ta sauke ido kan takardar. Wani abu ne ya faɗo mata, abin da wata biyar bai taɓa zuwa ranta ba, don ta manta da shi kamar yadda ake manta tari.

Safiyar ranar ce. Tana tsaye tana goge masa rigar aiki, wuta ta zo tana sauri kafin a ɗauke. Yana zaune a bakin gado da wata takarda a hannu, ya ce gargaɗi na uku ne, kuma an ce babu na huɗu, za a ba wa wani motar. Ya ce shi bai san yadda zai yi ba, mota tsohuwa, tudu kuma ba ya raguwa. Ita ko kallonsa ba ta yi ba. Hankalinta na kan wuyan rigar. Ta ce, "To kai ma ka sake ta a gangare mana. Kowa na yi. Kai kaɗai ne mai tsoro?" Ta ji matan direbobi suna faɗa ne, ba ta ma san me ake sakewa ba.

Ya ninke takardar. Sannan ya yi 'yar dariya ya ce, "To, Kwandasta ta yi magana." Ya karɓi rigar da ɗuminta ya sa, ya ɗauki filas ya fita.

"Mama? Ko a ƙara ruwa?"

"Sanyin ɗakin nan ya yi min yawa," ta ce. "Ina zuwa."

Ta fita ta baya, ta faɗa filin motoci inda rana ke dukan ƙarfe. A ƙarƙashin rumfa wani mai furfura ya zaro kansa daga cikin inji, ya gan ta, ya goge hannu a tsumma. Bakaniken kamfanin ne, tare suka fara aiki da mijinta, shi ya ɗauki gaban makararsa.

"Kwandasta! Ke ce da rana haka? Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya." Ba ta zauna ba. "Ka gaya min gaskiya. Da gaske kowa na yi?"

Bai tambaye ta me ba. Ya dubi ƙofar ofis, ya rage murya. "Duk wanda kika ga sunansa ba ya kan allon can, yana yi. Man da suke aunowa a takarda suka auna shi, ba a kan tudu ba. Su ma na ciki sun sani."

"To me ya sa su suke komawa gida?"

Ya daɗe yana murza tsumman. Sannan ya ce ta zo. Ya buɗe wata mota da ke ajiye, ya zauna, ya tayar da ita. "Duba hannuna." Ya murɗa makullin baya kaɗan, inji ya mutu. Ya juya sitiyari, ya juyu, da nauyi amma ya juyu. "Wannan rabi ke nan. Nan ake tsayawa." Ya sake murɗawa har ƙarshe, aka ji ƙas. Ya kama sitiyarin da hannu biyu ya jijjiga, ko motsi. "In ka kai shi ƙarshe ya kulle. Ga kwana a gabanka, ga birki ya yi tauri. Yaran nan hannunsu ya saba, ko suna barci a rabi suke tsayawa. Shi kuwa shekara ashirin da shida in ya kashe mota, ya gama aiki ne, har ƙarshe yake kaiwa ya zare makulli. Hannunsa bai san rabi ba."

Ta tsaya tana kallon makullin.

"Da ɗan iska ne irin sauran," bakaniken ya ce, idonsa ya kawo ruwa, "da yana nan yana shan shayinsa. Ni abin da ya hana ni barci, ban san wa ya zuga shi ba. Sau nawa suka yi masa dariya a nan bai kula ba. Wallahi in na san wanda ya sa shi..."

"Allah ya saka da alheri," ta ce.

A hanyar komawa ta bi ta gaban allon. An goge sunansa daga sama, an rubuta na wani, amma jan allin bai fita duka ba, ana ganin inuwarsa a ƙasa.

Jami'in yana nan inda ta bar shi. Ta zauna, ta jawo takardar. "Ba za ku cire ba."

"Ba ni da iko, Mama. Ko manaja ba shi da shi. Abin da ya faru ke nan."

"To a rubuta da awon mai. A rubuta da allon. A rubuta gargaɗi uku."

"Wannan ba sashenmu ba ne. Tsari ne daga sama, kuma tsari mai kyau ne in aka duba. Kin san man da muka rage ƙonawa bana? Duniya gaba ɗaya can ta nufa, saboda yanayi..." Ya ga fuskarta, ya yi shiru. A waje janareta na ta ruri.

"Ba ni biro."

Ya miƙa mata da sauri, ya nuna layin da ke ƙasa. Ba can ta kai hannu ba. Ta nemo kalmar da yatsa, ta kwantar da kai, ta fara rubutu a ɗan farin gefen da ke kusa da ita. Rabonta da biro ta manta. Harafin farko ya karkace, na biyu ya hau kan rubutun da aka buga. Ta danna har takardar ta kusa hujewa. Da ta ɗago, a gefen gangancin direba akwai kalma biyu manya, masu rawa: sau ɗaya.

"Mama, ai babu gurbin wannan. Kwamfuta ba za ta ɗauka ba."

"Takarda ta ɗauka."

Sannan ta sa hannu a ƙasa. Ya kalli rubutun, ya kalle ta. Ya buga hatimi, ya ba ta kwafi, ya ɗauko wata leda daga kabad. A ciki akwai hula, da ɗan tawul ɗin da yake ratayawa a wuya, da filas ɗin da ya lotse a gefe.

Motar komawa ta cika da wasu mutanen dabam, amma hirar ita ce dai. Wani ya ce ruwan bana zai yi latti, wani ya ce ƙarya ne, masu sayar da sola ne suka ƙirƙiro zancen don su yi ciniki. Wata ta ce ita dai a rage kuɗin mota, duniya ta narke in ta ga dama. Wannan karon Kwandasta ta samu kujerar bayan direba, ledar na kan cinyarta.

Suka kai saman tudu. Gari ya buɗe a ƙasa cikin hazo na zafi. Direban ya kai hannu ya ture giya, ya sauke hannun ƙasa da sitiyari, sai ƙarar injin ta ɗauke. Shiru ya shigo motar, sai kukan taya da iska ta taga. Ba wanda ya lura. Mai zancen sola bai ko tsaya da maganarsa ba.

Ta leƙa ta kafaɗar direban. Makullin na tsaye a rabi.

"Direba, tayar da ita."

Ya kalle ta a madubi ya yi dariya. "Mama, kwantar da hankalinki. Kowa haka yake yi."

"Na ce ka tayar da ita."

"Haba baiwar Allah," in ji wata daga baya, "duk motar nan ke kaɗai ce mai tsoro?"

Ta juya ta dubi matar. Ba muguwa ba ce, tana ɓare wa ɗanta lemo, ko ɗago kai ba ta yi ba. Gobe in an tambaye ta ba za ta tuna ta faɗa ba.

Lanƙwasasshen ƙarfen ya taho ta gefe. Direban ya taɓa makulli da yatsa biyu, inji ya kama, motar ta sha kwana sumul. "Kin gani?" ya ce. Wasu suka yi dariya.

"Akwai," ta ce. "Sauke ni nan."

"Ai ba ki kai ba, Mama. Rana fa."

"Sauke ni."

Ta sauka a gindin gangaren, motar ta ja ta bar mata hayaƙi. Kwalta na ƙona tafin takalmi. Ba ta yi taku goma ba wayarta ta yi ƙara. 'Yarta ce.

"Inna, sun goge?"

"Ba su goge ba."

"Kin dai ƙi sa hannu ko?"

"Na sa."

Muryar 'yar ta dawo a karye. "Haba Inna. To yanzu ke nan shi ne? Shi ya yi?"

Kwandasta ta gyara riƙon ledar, filas ɗin ya bugi gwiwarta. Tana iya cewa awon mai ne, tana iya cewa allo ne, ko Munafuki, ko masu tsari daga sama, kuma duk ba za ta yi ƙarya ba. Yarinyar za ta karɓa, ta samu wanda za ta tsana, su kwana lafiya.

"Nemi izini ki dawo gida," ta ce. "Akwai maganar da na yi wa babanki ina guga. Gara ki ji ta a bakina."

Ta kashe wayar, ta kama hanya da ƙafa.